An naɗa ni shugaban makaranta: me binciken wasu ƙasashe ya gano game da wannan aiki?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da iyayenmu na wannan zaure. Shekara 19 ke nan ina koyar da lissafi a makarantun sakandare na gwamnati, huɗun ƙarshe kuma ina riƙe da muƙamin mataimakin shugaba mai kula da harkokin karatu. A farkon wannan zangon takarda ta zo daga ma'aikata cewa an ɗaga ni zuwa shugaban wata makarantar jeka-ka-dawo, a wani gari da ban taɓa kwana a cikinsa ba. Ranar da na je karɓar aiki, wanda na gada, dattijo mai kirki, ya miƙa mini damin makullai da hatimi da littafin baƙi, sai wani fayil mai ɗauke da bashin kafintan da ya gyara bencunan makarantar bara. Ya yi mini addu'a, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Duk abin bai kai minti arba'in ba, kuma iyakar horon da na samu a kan aikin ke nan.

Tun daga ranar ban leƙa aji ko sau ɗaya don ganin yadda ake koyarwa ba. Safiya tana tafiya wajen cike fom, rana kuma wajen sasanta rigima ko zuwa ofishin shiyya kai rahoton da aka ce ana bukatarsa kafin azahar. Abin yana damuna, domin a wani taron bita na taɓa jin mai gabatarwa yana cewa bincike ya tabbatar, bayan malamin aji babu wanda ya kai shugaban makaranta tasiri a kan karatun yara. Wane bincike ne wannan, kuma a ina aka yi shi? Shugabannin makarantu a wasu ƙasashe, da me suke cika yininsu, kuma ta yaya ake zaɓo su? Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ko sakamakon da aka samo a makarantun da ke da lantarki da ɗakin karatu zai yi wa irina amfani, ni da wasu azuzuwana ɗalibai na zaune a ƙasa.

Malamin Tsangaya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sanya alheri, ya kuma taya ka riƙo. Maganar da ka ji tana da asali. Ta fito ne daga wani nazari da Kenneth Leithwood da abokan aikinsa suka yi wa Gidauniyar Wallace ta Amurka a 2004, inda suka tattara binciken da aka yi kafin lokacin suka ce, a cikin abubuwan da ke hannun makaranta, shugabanci ne ke bin koyarwar aji a tasiri. Sai dai masu maimaita maganar a tarukan bita sukan yar da rabinta. Abin da ake nufi shi ne abubuwan cikin makaranta kawai, ban da gida da talauci da lafiyar yaro, sannan tasirin shugaba ba kai tsaye yake isa ga ɗalibi ba, ta hannun malamai yake bi. A 2021 gidauniyar ta sake fitar da wani nazarin, na Jason Grissom da abokansa, wanda ya ƙiyasta cewa idan aka cire shugaba mai rauni aka sa ƙwararre, ɗalibi kan samu ƙarin abin da ya kusa karatun wata uku a shekara, a lissafi da karatu. Wasu masanan sun yi jayayya da irin wannan lissafi, suna cewa da wuya a raba aikin shugaba da sauran abubuwan da suka faru a makarantar a zamaninsa. Saboda haka ka riƙe alƙiblar, kada ka riƙe adadin kamar aya.

Wanda na fi so ka sani shi ne aikin Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland a ƙasar New Zealand, wanda ya fito a 2008. Ita da abokan aikinta sun wuce tambayar ko shugaba yana da tasiri, suka nemi sanin wane aiki daga cikin ayyukansa ne ke motsa sakamakon yara. Sun gano cewa shugabancin da ya mai da hankali kan koyarwa ya ninka wanda ya dogara da zaburar da ma'aikata da kyawawan kalamai sau uku zuwa huɗu. Abin da ya fi kowanne nauyi kuma shi ne shugaba ya shirya wa malamansa hanyar ƙaro sani, shi ma ya zauna a cikinsu yana koyo, ba ya buɗe taro ya koma ofis ba. Na jaddada wannan ne domin ba ya bukatar janareta ko kwamfuta. Malaman lissafi huɗu da shugabansu za su iya zama a gindin darbejiya ranar Alhamis su duba dalilin da ya sa 'yan aji biyu suka kasa raba lamba, kuma a Japan irin wannan zama na nazarin darasi, inda malamai ke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar saura su kalla, sannan a zauna a warware shi, ya fi shekara ɗari ana yin sa.

Game da yadda yini ke tafiya, kada ka ɗauka kai kaɗai ne takarda ta cinye. Ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu ƙarfin tattalin arziki, tana da wani bincike mai suna TALIS da take yi tun 2008, tana tambayar malamai da shugabanninsu yadda aikinsu yake. A zagayen 2018, wanda ƙasashe da yankuna 48 suka shiga, shugabannin ƙananan sakandare na ƙasashen ƙungiyar sun ce kimanin kashi 30 cikin 100 na lokacinsu yana tafiya a ayyukan ofis da tarurrukansu, abin da ya shafi manhaja da koyarwa kuwa kashi 16 kacal yake samu. To, idan haka abin yake inda shugaba ke da sakatare da akawu, kai da kake haɗa duka da kanka ba abin mamaki ba ne.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai wuya. A wancan zagaye na 2018, Afirka ta Kudu ce kaɗai ta shiga daga ƙasashen kudu da Sahara. Galibin abin da ake kira ilimin shugabancin makaranta an gina shi ne a Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya, abin da aka rubuta a kan Afirka ma kaso mafi tsoka daga Afirka ta Kudu ya fito. Amma abin da ya same ka ranar karɓar makullai an rubuta shi tuni. Tony Bush da George Oduro, malami a Jami'ar Cape Coast ta Gana, sun wallafa nazari a 2006 kan sababbin shugabannin makarantu a Afirka, suka nuna cewa akasari ana ɗauko su ne saboda daɗewa a aji, ba tare da horo kafin naɗi ba, ba kuma wani shiri na raka su bayan naɗin.

Tsohon Firinsifal ya amsa:

Ɗana, ina taya ka murna, ina kuma tausaya maka, domin na yi shekara 14 a kan wannan kujera kafin na ajiye aiki. Bayanin da Malam ya yi a sama ya gamsar, ba ni da ja a kansa. Abin da zan ƙara shi ne, duk waɗannan nazarce-nazarce sun ɗauka cewa shugaba yana da sanda a hannu, alhali a wurinmu rawani kawai ake naɗa masa. Ba kai ka ɗauki malami ba, ba kai za ka sallame shi ba, albashinsa ba ta hannunka yake bi ba, ƙarin girmansa kuma yana zuwa ko ka yaba ko ka kushe.

Bari in ba ka misali ɗaya da har yau yake ci mini rai. Akwai wani malamin kimiyya da na taɓa yi wa takardar tuhuma sau uku a zango ɗaya, domin ranar Litinin da Talata kaɗai ake ganinsa, sauran kwanakin yana shagonsa a kasuwa. Na rubuta rahoto na kai sama da hannuna. Bayan mako biyar takardar canjin wurin aiki ta zo, amma ba tasa ba, ta wata malamar Turanci ce, wadda ita kaɗai nake da ita a manyan azuzuwa, saura wata biyu a fara WAEC. Shi kuwa malamin ya shigo ofis ya gaishe ni cikin ladabi, har da durƙusawa, ya koma shagonsa. Daga ranar sauran malamai suka gane iyakar ƙarfina, kuma sai da na shekara biyu ina gyara abin da wannan takarda ɗaya ta ɓata.

Duk da haka ba zan ce maka babu abin yi ba, don zai zama na yi maka ƙarya. Abin da na gani da idona shi ne, malamai suna kallon ƙafar shugaba fiye da bakinsa. Lokacin da na fara isa makaranta ƙarfe bakwai da kwata ina tsayawa a bakin ƙofa, ba na cewa kowa komai sai gaisuwa, makara ta ragu fiye da yadda takardun tuhuma suka taɓa rage ta. Na kuma riƙe aji ɗaya ina koyarwa har na yi ritaya, saboda wanda yake da ƙurar alli a hannun riga ya fi samun bakin yi wa malami gyara. Ka nemi dagaci da limamin gari da shugabar mata tun kafin ka bukace su, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da iska za ta yaye rufin aji su za su fara zuwa, ma'aikata sai daga baya. Batun bashin kafinta kuwa, ka biya shi da wuri ko da kaɗan-kaɗan ne, domin a ƙaramin gari sunan makaranta yana bakin masu bin ta bashi.

Mushen Lakwal ya amsa:

Gaisuwa ga kowa daga Maraɗi. Maganar Baba ta rawani ba sanda ta sa na ga ya dace in faɗi yadda abin yake a ɓangarenmu, domin mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, kuma a can rashin sandar da gangan aka tsara shi. A makarantar firamare ta Faransa darakta ba ubangidan malamai ba ne a doka. Abokin aikinsu ne da aka ɗora wa kula da tafiyar makaranta, sau da yawa yana riƙe da nasa ajin, mai duba aikin malami ya auna shi kuwa sufeto ne. Sai a watan Disamba na 2021 majalisarsu ta yi dokar da ake kira Rilhac, wadda ta ba darakta wani iko na gudanarwa, kuma ko ita sai da ƙungiyoyin malamai suka yi ta adawa da ita. A sakandare lamarin ya sha bamban, domin shugabannin can rukunin ma'aikata ne na musamman da ake shiga ta jarrabawar gasa. Ke nan a ƙasa guda ma kalmar shugaban makaranta tana nufin aiki iri biyu, balle a ce za a kwatanta ƙasashe 48 da ma'auni ɗaya.

Darakta a ƙauyukanmu yakan kasance yana koyar da aji, malaman da ke ƙarƙashinsa yawancinsu 'yan kwantaragi ne, sufeto kuma yana nesa. Abin da ya ba shi madogara shi ne kwamitin gudanar da makaranta, wanda aka sani da COGES, daga baya aka mayar da shi CGDES. Hukumar JICA ta Japan ta fara wani shiri a jihar Tawa a 2004, kuma abin da ya bambanta shi da kwamitocin da aka saba naɗawa shi ne a zaɓi mambobi ta hanyar ƙuri'ar sirri a gaban taron gari, sannan gari da kansa ya tsara abin da zai yi wa makaranta a shekara da abin da ke hannunsa. Daga nan aka faɗaɗa shi zuwa ƙasa baki ɗaya. Na halarci irin wannan zaɓe a wani ƙauye, inda mutane suka tsallake ɗan'uwan maigari suka zaɓi wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta riƙe kuɗi, saboda kowa ya san ba ta cin amana. A shekarar aka gina runfunan zana uku kafin a koma karatu, maimakon a jira a gama girbi. Na san ku ma a Najeriya kuna da irin wannan kwamiti mai suna SBMC, shi ya sa nake ba Malam shawara ya bincika yadda aka samar da mambobin nasa, zaɓensu aka yi ko rubuta sunayensu aka yi a ofis.

Malama Uwar Ɗalibai ta amsa:

Malam, barka da wannan matsayi. Ni shugabar makarantar 'yan mata ce, kuma tambayarka ta yadda ake zaɓen shugabanni ita ce ban ga an taɓa sosai ba, alhali a ganina nan ne gizo ke saƙar. A Singafo malami yana da hanyoyi uku na ci gaba: ya zauna a aji ya zama babban gwani, ko ya bi hanyar ƙwarewa a manhaja da bincike, ko ya bi ta shugabanci. Wanda ya bi ta ukun ana gwada shi a ƙananan muƙamai shekara da shekaru, sannan tun 2001 akwai horo na kimanin wata shida a Cibiyar Ilimi ta Ƙasa, wanda ake ɗauke mutum daga aiki gaba ɗaya yana karɓar albashinsa, kafin a damƙa masa makaranta. Hikimar tsarin ita ce gwanin malami ba sai ya bar aji ba kafin ya samu girma da albashi. A wurinmu kuwa hanya ɗaya ce, shi ya sa muke rasa malamin lissafi mai kyau mu kuma sami shugaba da ba a shirya ba, ba da kai nake ba, Malam, da tsarin nake.

Ingila ta ƙirƙiro takardar shaidar shugabancin makaranta a 1997, ta wajabta ta ga sababbin shugabanni a 2009, sannan ta janye wajabcin a 2012. Chile kuma ta yi doka a 2011 da ta sa ake tallata kujerar shugaban makarantar gwamnati a yi gasa a kanta, wanda ya ci ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar mai ɗauke da abin da ake so ya cim ma, aka kuma ba shi ikon zaɓen mataimakansa da sallamar har kashi 5 cikin 100 na malaman da aka auna aka ga sun gaza. Wannan ita ce sandar da Baba yake magana, amma a lura, tare da ita aka ɗaura masa igiya. Mu ma muna da cibiyar NIEPA a Ondo tun 1992 don horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi, sai dai ba sharaɗi ba ne mutum ya bi ta can kafin a ba shi makullai.

Wani abu kuma da alƙaluman TALIS na 2018 suka nuna, wanda ya shafe ni kai tsaye: a ƙasashen OECD mata su ne kashi 68 cikin 100 na malamai, amma kashi 47 ne na shugabanni, a Japan ma kashi 7 ne kawai. Idan ka zo raba muƙaman cikin gida, kamar shugabancin sashe da kula da jarrabawa, ka tuna cewa daga nan ake fara hawa, kuma malamar da ba a taɓa ba ta ko ɗaya ba ba za ta taɓa shiga jerin waɗanda ake dubawa ba.

Malamin Tsangaya ya sake amsawa:

Labarin Baba ya tuna mini da bincike biyu da suka dace da shi. Nicholas Bloom da abokansa sun yi hira da shugabannin makarantun sakandare fiye da 1,800 a ƙasashe takwas, suka wallafa sakamakon a 2015. Birtaniya ce ta zo a sama wajen ingancin gudanarwa, Indiya a ƙasa, kuma makarantun gwamnati da aka sakar wa mara sun fi sauran. Da suka bi diddigi sai suka ga sakin marar kaɗai bai wadatar ba, abin da ya fi bayyana fifikon shi ne shugaba yana da hukumar da ke tambayarsa sakamako da gaske, yana kuma da tsari na dogon zango.

Na biyun gargaɗi ne gare mu duka. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya an gwada wani shiri da aka kwaikwayo daga abin da ake kira nagartattun hanyoyin duniya: a auna makaranta, a ba ta maki, a rubuta mata tsarin gyara. Karthik Muralidharan da Abhijeet Singh sun bi shirin, suka tarar an yi awon, an rubuta tsare-tsaren, an aika da su a kan lokaci, amma zuwan malamai bai canja ba, koyarwa ba ta canja ba, sakamakon yara ma haka. Duk da haka aka faɗaɗa irinsa zuwa makarantu fiye da 600,000, domin a takarda ya yi nasara. Duk wanda ya ga yadda wasu makarantunmu suka ci gaba da manna tsarin bunƙasa makaranta a bango bayan shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya ƙare a Kano da Kaduna da Jigawa, alhali ziyarar aji da ta ba shi rai ta tsaya, zai gane abin da ake nufi.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na kira kafintan jiya, mun yi da shi zan biya shi kashi uku. Na kuma duba takardun SBMC kamar yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce, sai na tarar mutum biyu daga cikin mambobin sun rasu, ɗaya kuma ya koma Legas tun shekara uku da suka wuce, amma sunayensu suna nan a kan takardar da ake aikawa sama kowane zango. Na karɓi lissafin aji ɗaya na babbar sakandare daga hannun wani malami da darussa suka yi wa yawa, zan fara ranar Litinin, darasi na biyu. Abin da nake nema yanzu shi ne shawarar yadda zan fara shiga azuzuwan malamai ba tare da sun ɗauka farautar laifi na zo yi ba, musamman da yake uku daga cikinsu sun girme ni, ɗaya ma shi ya koyar da ni a aji ɗaya na sakandare.